"Ɗan mai madara ne?": Asalin wannan wasa na Turawa da mutumin da ake yi da shi

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Ingila ya aiko da tambaya. Matarsa ta haihu, ya nuna hoton jaririn a wurin aiki, yaro ya fito jawur alhali shi uban baƙi ne. Wani dattijon Bature abokin aikinsa ya duba hoton ya ce, "Anya ba ɗan mai madara ba ne?" Ofis ya kwashe da dariya, shi kuwa ransa ya ɓaci har abincin rana ya gagare shi. Daga nan hira ta ɓarke, kowa na ba da labarin mai madarar unguwarsu kamar ana tuna wani kawu da ya rasu. Yana so ya san wane ne mutumin nan, me ya haɗa shi da 'ya'yan mutane, kuma zaginsa aka yi ko wasa.

Malam, barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Wasa dattijon ya yi maka, tsohon wasa ma wanda ya tsufa har ya yi furfura, kuma na yi imani ko a mafarki bai zargi iyalinka da komai ba. Amma ɓacin ranka yana kan hanya, zan zo kansa. Bari in fara da mutumin, don sai ka san shi za ka gane dariyar da kuma kewar da ta biyo bayanta.

Ni harkar madara na karanta, kuma karatun ne ya kai ni arewacin Ingila a shekarun 1990. Ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa, tagata tana kallon titi. Kwanana na farko, na idar da sallar asuba ke nan sai na ji wani sauti a waje, wani ɗan gunji siriri kamar na keken ɗinki mai lantarki, sai ƙarar kwalabe ƙwal-ƙwal, sai takun ƙafa, sai shiru. Na leƙa. Wata 'yar mota ce buɗaɗɗiya, ba ƙofa, an jera akwatunan kwalabe a bayanta, ta riga ta matsa gida na gaba. A dokin ƙofarmu ga kwalba biyu farare tas suna raɓa. Da daddare kuwa na ga tsohuwar ta ɗauraye kwalaben jiya, ta fitar da su waje, ta nannaɗe 'yar takarda ta cusa a bakin ɗaya. Abin da ta rubuta: ranar Juma'a a ƙaro mata ƙwai shida. Shekara da shekaru haka suke ciniki, kuma ba sa haɗuwa ido da ido sai ranar da ya zo karɓar kuɗin mako da littafinsa.

Dalilin sana'ar ba wani ɓoyayye ba ne: madara ba ta jira. Kai da ka tashi a ƙasarmu ka sani, abin da aka tatsa da safe kafin la'asar ya fara juyawa. Mu mun warware matsalar da barin ta ta yi tsami da gangan, muka sami nono da kindirmo. Turawan Ingila kuwa ɗanya suke so, don zubawa a shayi da kuma ba yara, ga shi babu firiji. Har ƙarshen shekarun 1950 gidajen Biritaniya masu firiji ba su kai biyu cikin goma ba. Wanda ba shi da wurin ajiye madara dole a kawo masa ita kullum, kuma kafin ya karya kumallo.

Kada kewar da ka ji a ofis ta sa ka ɗauka tun fil azal abin tsaf yake. A ƙarni na 19 shanun da ke ba Landan madara a cikin birnin ake tsare su, a rumfuna masu duhu da ƙazanta, ana yawo da madarar a buɗaɗɗun bokitai, ana auna wa mutane da ludayin ƙarfe. Algus kuwa ba a magana. Mutanen Landan har suna suka sa wa famfon ruwa, suna ce masa "saniya mai wutsiyar ƙarfe", wai ita ce ta fi kowace saniya nono a garin. Ka ga ashe barkwancin farko da aka fara yi wa mai madara na ha'inci ne, ba na mata ba. Wannan kam ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kowa ya san ƙissar yarinyar nan ta zamanin Sayyidina Umar, wadda mahaifiyarta ta ce ta sirka madara da ruwa tunda Umar ba ya ganin su, ta ce in Umar ba ya gani Ubangijin Umar Yana gani. Ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma daga tsatsonta aka sami Umar bin Abdul'aziz. Duk inda ake sayar da madara, zargin ruwa yana biye da ita.

A New York abin ya fi muni. Ana ɗaure shanu kusa da masana'antun giya ana ba su dusar da ta rage, madararsu ta fito tsalala mai shuɗi-shuɗi, a zuba mata alli ko gari don ta yi fari. Wata jarida ta tona asirin a 1858, bayan jarirai da yawa sun salwanta.

Abubuwa uku suka gyara sana'ar. Jirgin ƙasa ne na farko: George Barham ya kafa kamfaninsa a 1864 yana kawo madara daga ƙauyuka zuwa Landan cikin dare, sai ga annobar shanu ta 1865 ta share garkunan cikin birni, kasuwa ta dawo hannunsa. Kamfanin ne ya zama Express Dairies. Na biyu kwalba mai murfi, wadda a Amurka ake danganta ta ga Dakta Hervey Thatcher a 1884. Na uku dafa madara sama-sama don kashe ƙwayoyin cuta, hanyar da ta samo suna daga Louis Pasteur, ita ce ta rage tarin fukan shanu da yara ke ɗauka ta madara. Doka ma ta shigo: daga 1901 a Ingila, madarar da maiƙonta ya gaza kashi 3 cikin 100 ana ɗaukar an taɓa ta har sai mai ita ya wanke kansa.

Daga nan aka shiga zamanin da abokan aikinka ke kewa. Da fari keken doki ne, kuma tsofaffi za su gaya maka dokin ya fi mai shi sanin hanya, yana tsayawa da kansa a ƙofar kowane mai saye. Sannan motar batir ta karɓe shi. An zaɓe ta ne don ba ta da ƙara, ba za ta ta da unguwa da ƙarfe huɗu na dare ba, kuma tsayawa da tashi sau ɗari ba ya cin ta kamar yadda yake cin injin mai. Gudunta bai fi na mai keke da ya matsa ƙaimi ba. Abin dariya, yau ana ta cika baki da motar lantarki kamar jiya aka ƙirƙiro ta, alhali a shekarun 1960 dubbanta ne ke yawo a titunan Biritaniya da asuba, ɗauke da madara.

Kwalbar ita kanta abin kallo ce. Tana cin fayint ɗaya, wato mililita 568, rabin lita da 'yan kai. Murfinta na siririn alminiyam ne, irin abin da ake naɗe dunƙulen magi da shi, kuma launinsa ne ke gaya maka abin da ke ciki. Ruwan azurfa cikakkiyar madara ce. Ruwan zinariya ta shanun Jersey da Guernsey ce, mai maiƙo sosai, ta masu hali ko ta ranar Lahadi. Kore kuwa ɗanya ce da ba a dafa ba. A cikin mai ruwan azurfa maiƙon yakan taso ya taru a wuya, kauri kamar yatsa biyu, yara suna rige-rigen wanda zai fara buɗewa. Ran da sanyi ya yi tsanani madarar takan daskare ta kumbura, ta ɗaga murfin sama kamar an sa mata hula.

Ba yara kaɗai ke son maiƙon ba. A 1921, a Swaythling kusa da Southampton, aka fara lura da wasu ƙananan tsuntsaye masu shuɗin kai da rawayan ƙirji suna fasa murfin kwalba suna shanye saman. Kafin wani lokaci ɗabi'ar ta bazu garuruwa, har masana biyu, James Fisher da Robert Hinde, suka wallafa bincike a kanta a 1949, binciken da har yau ake kawowa in ana maganar yadda dabbobi ke koyon abu daga junansu. Tsohuwar gidanmu takan bar kofunan roba biyu a waje, mai madara ya kifa su a kan kwalaben. Ba wanda ya biya shi ladan wannan. Da mutane suka koma shan madarar da aka cire wa maiƙo, ko wadda aka buga ta a inji har maiƙon ya daina tasowa, tsuntsayen suka watsar da sana'ar su ma.

To ina 'ya'yan mutane suka shigo? Ka dubi fasalin unguwar ma'aikata a Ingila a shekarun 1950. Maigida ya fita tun sassafe zuwa masana'anta ko ramin kwal, ba zai dawo ba sai yamma. Matar tana gida ita kaɗai. A cikin mazan duniya, wanda ke da hujjar zuwa ƙofarta kowace rana, ya san sunanta, ya san yawan 'ya'yanta, ya san ranar da mijin ke aikin dare, wani lokaci ma a ba shi shayi a kicin ranar biyan kuɗi, shi ne mai madara. Daga nan masu barkwanci suka samo shi. Kowace ƙasa da nata: a Faransa ɗan mai kawo wasiƙa ake cewa, a Sifen mai kawo tukunyar gas, a Amurka kafin firiji mai kawo ƙanƙara ya sha nasa rabon. Duk wanda aikinsa ya sa yake ƙwanƙwasa ƙofa bayan maigida ya fita, ya shiga bakin 'yan wasa. Benny Hill, ɗan barkwancin Ingila wanda shi kansa ya taɓa yin sana'ar yana saurayi, ya yi waƙar ban dariya kan wani mai madara da ke neman wata bazawara a layinsa, kuma ita ce ta zo ta ɗaya a ƙasar a Kirsimetin 1971. Dattijon ofishinku da irin wannan ya tashi.

Akwai kuma abin da ya ba wasan ƙafar tsayawa, wato jan gashi. A Biritaniya da Ayalan ana yawan samun uwa da uba masu baƙin gashi su haifi ɗa mai gashi ja kamar wuta. Ƙwayar gadon da ke jawo haka, wadda masana ke kira MC1R, irin mai ɓuya ce: sai yaro ya gaje ta ta wajen uwa da ta wajen uba a tare sannan take bayyana. Iyaye biyu za su iya ɗauke da ita ba su sani ba, kuma kowace haihuwa akwai damar ɗaya cikin huɗu ta fito. Kafin mutane su fahimci wannan, sai a ga jariri ba ya kama da kowa a gidan, wata gwaggo ta ce, "Mai madararku jan gashi gare shi ko?" a yi dariya a wuce. Yawanci ma iyayen da kansu ke faɗa, ko mutum ya ce da kansa, "Ni kaɗai ne dogo a gidanmu, ɗan mai madara ne ni." A wajensu kalma ce ta cewa yaro bai ɗauko kamannin iyaye ba, ba ta wuce nan ba.

In ka bi ta lissafi ma, mutumin an zalunce shi. Wanda ya tashi ƙarfe uku na dare, yake da ɗaruruwan ƙofofi a gabansa, yana gudu da kwalabe a tsakanin yatsu cikin ruwan sama, kuma a lokacin da yake wucewa mazan ma ba su fita ba, ina ya ga sararin shashanci? Maganar da ake yawan yaɗawa cewa ɗa ɗaya cikin goma ba na ubansa ba ne, ita ma ba ta tsaya ba da aka auna ta. Maarten Larmuseau da abokan aikinsa a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun haɗa tarihin zuriya na ɗaruruwan shekaru da gwajin ƙwayoyin gado, suka sami abin bai wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Labarin nan kuma da ya zagaya wayoyi, wai an gano wani tsohon mai madara a Kalifoniya ya haifi 'ya'ya 800, ƙirƙira ce ta masu rubutun raha, mutane suka ɗauke ta da gaske.

Ni barkwancin da na fi so ba wannan ba ne, na 'yan takardun cikin kwalba ne. Mace ta rubuta cikin gaggawa da magagin barci, ma'ana ta karkace. Wanda ya fi shahara: "Mai madara, na haihu jiya, a ƙaro mini ɗaya." Ɗaya me? Wata kuma wai ta rubuta kada a ajiye madara a gida mai lamba kaza, mai gidan ya rasu har sai an ji daga gare shi. Ko an rubuta su da gaske ko wani ne ya zauna ya tsara, suna nuna yadda mutane suka saki jiki da shi.

Sakin jikin nan shi ne abin da suke kewa, ba madarar ba. Madarar kanti ba ta fi ta kwalba muni ba, ni da na auna su a ɗakin gwaji zan faɗa maka haka, kuma kwalbar da ta daɗe a rana ma tana asarar sinadarin riboflabin, ɗanɗanonta ya canza. Abin da ya tafi shi ne mutumin da ke ganin kowace ƙofa kowace safiya. In ya tarar da kwalbar jiya ba a ɗauka ba a gidan tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, zai buga ƙofa, in shiru ya kira maƙwabta ko 'yan sanda. An ceci tsofaffi da dama da suka faɗi a banɗaki ta haka. Ɓarayi ma sun san karatun, kwalabe sun taru a ƙofa alamar masu gida sun yi tafiya, shi ya sa kafin a tafi hutu mai madara ake fara sanarwa. Har a yaƙin duniya na biyu, hoton da aka fi tunawa na ruwan bama-bamai a Landan a Oktoban 1940 na mai madara ne yana ratsa ɓaraguzai da kwalabensa. Fred Morley ne ya ɗauki hoton, kuma daga baya aka san mataimakinsa ne aka sa wa farar rigar. Amma ka lura da wanda suka zaɓa don nuna wa duniya cewa gari bai mutu ba.

Abin da ya kashe sana'ar a bayyane yake. Firiji ya shiga kowane gida, mota ta shiga, mata suka fita aiki, manyan kantuna suka fara sayar da madara a jarkar roba da arha don jawo masu saye. Gwamnati ta daina ƙayyade farashi a tsakiyar shekarun 1980, hukumar da ke tsara cinikin madara tun 1933 aka rushe ikonta a 1994. Wajen 1980 kusan tara cikin goma na madarar gidaje a ƙofa ake ajiye ta, yanzu ba ta kai biyar cikin ɗari ba. Amurka ta riga su nisa: a 1963 kusan kashi 30 cikin 100 ake kai wa gida, zuwa 2005 bai kai kashi ɗaya ba. Sana'ar ta ɗan farfaɗo da mutane suka fara ƙyamar roba, da kuma lokacin kullen korona a 2020, sai dai yanzu ta waya ake oda, kuma da yawa ba su taɓa ganin fuskar mai kawo musu ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa wasan ya soke ka. Mu ma muna da mai kawo mana har gida, amma mace ce. 'Yar Fulani da ƙwaryarta a kan gammo, faifai a rufe, ludayi a sama, ta shigo har tsakar gida ta sauke, a dama fura, a sayi man shanu, a yi ta cinikin ko ta zuba ruwan kuka a nonon, tana rantsuwa ana dariya. Namiji baligi kuwa iyakarsa zaure, ya yi sallama a aiko yaro. Tsarin gidanmu bai bar gurbin da wannan barkwanci zai tsiro ba. Sannan nasaba a wajenmu ba abin wasa ba ce. Kalmar da ke daidai da abin da ya faɗa, in aka juya ta zuwa Hausa, kalma ce da ake zubar da jini a kanta, kuma aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka wa mai ƙazafi bulala tamanin. Kai da wannan kunnen ka ji, shi kuma da bakin wasan mashaya ya faɗa.

Game da hasken yaron, ba ka bukatar Bature ya koya maka. Jariranmu da yawa jajaye ake haifar su, launin yana zama ne a hankali cikin watanni, shi ya sa tsofaffi ke duba gefen kunne su ce ga inda zai tsaya. In ma ya ɗore da haskensa, hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya amsa. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce eh, jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo launin? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Annabi ya ce to wannan ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Abin da masana ƙwayoyin gado ke faɗa kan jan gashi ke nan.

Shawarata, kada ka kai ƙara wajen shugabanni, kada kuma ka haɗiye ka riƙa gaishe shi da ciki-ciki. Ka same shi shi kaɗai lokacin shan shayi, ka ce ka gane wasa ne, amma a inda ka fito wannan maganar zagin uwar yaro ce. Irin waɗannan dattawan, in aka gaya musu a natse, fuskarsu takan yi ja su yi ta ba da haƙuri har ka gaji. In ya gama, ka tambaye shi wane launin murfi ake ajiye musu a ƙofa yana yaro, da kuma wa ke riga kowa shan maiƙon. Sai dai ka tabbata ba ka da aikin gaggawa a ranar.